Yadda Ake Gina Quantum ESPRESSO da Lissafa Fonon na Kiristal

Atam ɗin da ke cikin kiristal ba sa zama cak a wuri ɗaya. Kowanne yana rawa a inda yake, kuma rawar tasa tana jan na kusa da shi. Wannan girgiza ta haɗin gwiwa ita ake kira fonon. Da ita ake gane yadda abu ke riƙe zafi da yadda yake wuce da shi, da inda layukan Raman, wato alamun girgiza da ake aunawa da haske, za su fito a ɗakin gwaji, da kuma ko tsarin da aka zana a kwamfuta zai tsaya da ƙafarsa ko zai karkace ya koma wani.

Hanya biyu ake bi wajen lissafinta. Ta farko ita ce a gina babban ɗaki mai atam da yawa, wato a jera kwafin ƙaramin akwatin da kiristal ke maimaitawa, a ture atam ɗaya kaɗan, a auna ƙarfin da sauran suka ji. Haka Phonopy na Atsushi Togo yake aiki. Ta biyu ita ce DFPT, wadda Baroni da Giannozzi da Testa suka kafa tushenta a 1987, inda ake lissafa martanin elektiron kai tsaye a cikin ƙaramin ɗakin asali. Ita ce ke cikin ph.x, sashen fonon na Quantum ESPRESSO, manhajar da ke lissafa halin elektiron da atam a kwamfuta, kuma ita za a bi a nan. Silikon ne abin gwaji, domin an san amsarsa: girgizarsa mafi sauri a ɗigon Gamma, inda duk ɗakunan kiristal ke girgiza daidai da juna, tana wajen 520 cm⁻¹, wato kusan 15.6 THz. Idan lissafinka ya ba da 430 ko 600, ka san akwai gyara.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe tun yanzu: ph.x ba ya gyara komai, abin da pw.x, sashen da ke fara lissafa elektiron da daidaita tsarin atam, ya bar masa shi yake ɗorawa a kai. Yawancin matsalar da ke fitowa a matakin fonon tun a baya aka haife ta, ko wajen gina manhajar, ko wajen daidaita tsarin atam.

Gina manhajar

Da Fortran aka rubuta mafi yawan Quantum ESPRESSO, da ɗan C. Kana bukatar kampayila na duka biyun, da MPI don raba aiki tsakanin furosesa, da laburaren lissafi na BLAS da LAPACK, da na FFT. A kan Ubuntu ko Debian:

```
sudo apt install build-essential gfortran git \
  libopenmpi-dev openmpi-bin libopenblas-dev libfftw3-dev
```

Sauke kunshin daga shafin manhajar, fitowa ta 7.2 ko wadda ta biyo bayanta, ka kwance shi, ka shiga ciki:

```
tar xzf qe-7.2*.tar.gz
cd qe-7.2
./configure
```

Kada ka yi saurin buga `make`. Karanta layukan ƙarshe da configure ya rubuta. Abin da kake son gani shi ne `Parallel environment detected successfully`. Idan `not detected` ya ce, bai ga mpif90 ba, kuma manhajar da zai gina mai aiki da furosesa ɗaya ce tak. Sai ka leƙa make.inc, inda yake ajiye duk abin da ya zaɓa:

```
grep -E "^DFLAGS|^MPIF90|^BLAS_LIBS|^LAPACK_LIBS|^FFT_LIBS" make.inc
```

A layin DFLAGS ka nemi `-D__MPI`, da `-D__FFTW3` ko kuwa `-D__DFTI` idan MKL na Intel kake amfani da shi. Idan configure bai samu BLAS a na'urar ba, yakan koma kan nasa na cikin gida ba tare da ya yi ƙorafi ba. Zai yi aiki, amma da tafiyar hawainiya. Nuna masa hanya da kanka:

```
make veryclean
./configure BLAS_LIBS="-lopenblas" LAPACK_LIBS="-lopenblas"
```

Wannan `make veryclean` wajibi ne duk lokacin da ka canza kampayila ko laburare. Tsofaffin fayilolin `.mod` da wani kampayila ya bari ba sa karantuwa ga wani, kuma kuskuren da zai fito ba zai gaya maka dalilin ba. ScaLAPACK kuwa ba ka bukatarsa ga ƙananan tsare-tsare; idan yana kawo rigima, ƙara `--with-scalapack=no` ka wuce.

```
make -j4 pw
make -j4 ph
make -j4 pp
export PATH=$PWD/bin:$PATH
```

`make ph` shi ke samar da ph.x da q2r.x da matdyn.x da dynmat.x, dukkansu a cikin `bin`. Idan daga git ka ɗauko tushen, make zai nemi sauke wasu ƙananan sassa daga intanet, don haka a kulasta, wato tarin kwamfutoci da aka haɗa suna aiki tare, ka yi ginin a na'urar shiga, wadda take da hanyar fita waje. Mai tsohuwar fitowa irin 6.5 da gfortran 10 ko sama zai ci karo da `Type mismatch`; maganinsa ƙara `-fallow-argument-mismatch` a FFLAGS, ko mafi sauƙi a ɗauko sabuwar fitowa.

Akwai tarko guda da ke cin mutane da yawa a kulasta, wato a gina da MPI ɗaya a gudanar da wani. Alamarsa a bayyane take. Ka buga `mpirun -np 4 pw.x`, maimakon ka ga `running on 4 processors` sau ɗaya, sai ka ga `running on 1 processors` har sau huɗu. Kwafi huɗu ke nan suna gudu ba su san da juna ba, suna rubutu a kan fayil ɗaya suna ɓata shi. Duba `which mpirun` da `which mpif90`, ka tabbatar gida ɗaya suka fito, kuma duk `module load` da ka yi lokacin gini ka maimaita shi a cikin takardar tura aiki. Sannan ka sa waɗannan layuka biyu kafin kowane gudu:

```
export OMP_NUM_THREADS=1
ulimit -s unlimited
```

Na farko yana hana OpenBLAS buɗe zare da yawa a ƙarƙashin kowane aikin MPI har su cunkushe furosesa. Na biyu yana kawar da yawancin `segmentation fault` da ke zuwa ba gaira ba dalili, musamman ga wanda ya gina da kampayilan Intel.

Fayil ɗin atam da daidaita tsari

pw.x ba ya lissafa elektiron na can cikin atam. Fayil mai ƙarewa da `.upf` ne ke wakiltarsu tare da cibiyar atam ɗin. Ana samun amintattu a PseudoDojo, da kuma tarin SSSP na Materials Cloud, wanda a cikin gwajin da aka yi masa har da mitar fonon. A cikin fayil ɗin aka riga aka zaɓi LDA ko PBE, hanyoyi biyu na kimanta mu'amalar elektiron da junansu, saboda haka kada ka haɗa na LDA da na PBE a tsari ɗaya. Ga mai farawa nau'in ONCV na PseudoDojo ya fi kwanciyar hankali: yana son `ecutwfc` (iyakar makamashin igiyoyin da ake siffanta elektiron da su) mai ɗan yawa, amma `ecutrho` ɗinsa (irin wannan iyaka ga yawan caji) na asali, ninki huɗu na `ecutwfc`, ya isa. Nau'in PAW da USPP su suna son ninki 8 zuwa 12.

Ga fayil ɗin daidaitawa, `si.relax.in`:

```
&control
  calculation='vc-relax', prefix='si',
  outdir='./tmp', pseudo_dir='./pseudo',
  etot_conv_thr=1.0d-6, forc_conv_thr=1.0d-5
/
&system
  ibrav=2, celldm(1)=10.26, nat=2, ntyp=1, ecutwfc=50
/
&electrons
  conv_thr=1.0d-12
/
&ions
/
&cell
  press_conv_thr=0.1, cell_dofree='ibrav'
/
ATOMIC_SPECIES
Si 28.0855 Si.upf
ATOMIC_POSITIONS crystal
Si 0.00 0.00 0.00
Si 0.25 0.25 0.25
K_POINTS automatic
8 8 8 0 0 0
```

Lambar 10.26 ita ce faɗin ɗakin silikon da aka auna, angstrom 5.43, an mayar da ita bohr. Gudanar da shi da `mpirun -np 4 pw.x -nk 4 -in si.relax.in > si.relax.out`. A ƙarshen sakamakon, ƙarƙashin `Begin final coordinates`, za ka ga CELL_PARAMETERS ɗauke da tsohon alat, amma lambobin da a da suke 0.5 sun ɗan canza, misali 0.497. Sabon `celldm(1)` shi ne 10.26 sau 0.497, a raba da 0.5. LDA yakan sauka wajen 10.2, PBE kuma ya haura wajen 10.33.

Me ya sa ake damuwa da wannan ɗan bambanci? Idan faɗin ɗaki ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, girmansa ya ƙaru da kashi 3, kuma a silikon mitar sama tana raguwa kusan daidai da haka, wato wajen 15 cm⁻¹. Wannan ne babban dalilin da ya sa PBE ke ba da mita ƙasa da ta LDA. Ka'idar fonon ɗin kanta an gina ta ne a kan cewa atam suna zaune a inda babu ƙarfin da ke tura su. A silikon siffar kiristal ɗin ta riga ta tilasta hakan, amma a tsarin da atam ke da damar motsi, saura ƙarfi na 10⁻³ Ry/bohr, wanda shi ne ma'aunin pw.x na asali, ya isa ya lalata ƙananan mitoci.

Yanzu kwafi fayil ɗin zuwa `si.scf.in`, mayar da `calculation='scf'`, wato lissafin elektiron kaɗai ba tare da motsa atam ba, sa sabon `celldm(1)`, cire `&ions` da `&cell`, ka gudanar. Abu biyu kada ka taɓa. Kada ka sassauta `conv_thr`: 10⁻⁶ na asali ya ishi jimillar makamashi, amma fonon sauyi ne na mataki na biyu, kuskure kaɗan a nan yakan kumbura a can. Kuma kada ka rubuta `K_POINTS gamma` ko da ɗakinka ƙato ne, domin ph.x ba ya karɓar irin wannan fayil. Rubuta `automatic` da `1 1 1 0 0 0`.

Fara da Gamma kaɗai

Ana lissafa fonon ne a kan ragar ɗigogi da ake kira q, kowanne yana wakiltar tsawo da fuskar igiyar girgiza, Gamma kuwa shi ne q na sifili. Kafin a kashe sa'o'i a kan raga cikakkiya, a gwada ɗigo ɗaya. `si.phG.in`:

```
fonon na silikon a Gamma
&inputph
  prefix='si', outdir='./tmp',
  fildyn='siG.dyn', tr2_ph=1.0d-14, epsil=.true.
/
0.0 0.0 0.0
```

Layin farko take ne kawai. `prefix` da `outdir` dole su zama daidai da na scf harafi da harafi. `epsil=.true.` yana lissafa adadin dayalektirik da cajin Born, wato cajin da atam ke nunawa idan ya motsa, kuma ga abin da ba ƙarfe ba ne kawai. Ka sa shi ga ƙarfe ph.x zai tsaya. Gudanar: `mpirun -np 4 ph.x -nk 4 -in si.phG.in > si.phG.out`.

Yayin da yake gudu, bi layin `|ddv_scf|^2`. Shi ake gwadawa da `tr2_ph`, kuma ya kamata ya riƙa sauka zagaye bayan zagaye. Idan yana hawa da sauka, ko yana ta hauhawa, rage `alpha_mix(1)` daga 0.7 na asali zuwa 0.3, in ta kama 0.1, ka kuma ɗaga `nmix_ph` daga 4 zuwa 8 ko 10. Ƙarafa da shimfiɗaɗɗun tsare-tsare masu fili a tsakani su suka fi wannan taurin kai.

A ƙarshe za ka ga mitoci shida, domin atam biyu ne kuma kowanne yana da fuska uku ta motsi. Uku na sama su zo daidai da juna, a kusa da 500 zuwa 520 cm⁻¹ gwargwadon fayil ɗin atam da faɗin ɗaki. Uku na ƙasa a ka'ida sifili ne, tun da ture kiristal gaba ɗayansa ba ya cin makamashi, amma a aikace za ka ga wani abu kamar 3 ko −6. Ba laifi ba ne. Ragar FFT da ake lissafi a kanta ba ta motsawa tare da atam, shi ya sa sifilin bai cika ba, kuma GGA, rukunin da PBE ke ciki, ya fi LDA nuna wannan. Ana share shi da dokar jimillar sauti, ta hanyar ba dynmat.x fayil mai `fildyn='siG.dyn'` da `asr='crystal'` a cikin `&input`. Amma idan saɓanin ya kai 50 ko 80, kada ka lulluɓe shi da asr, koma ka ɗaga `ecutrho` ka matse `tr2_ph`. Cajin Born na silikon ya kamata ya kusanci sifili. Idan ya yi nisa da shi, ragar k, wato lambobin da ke ƙarƙashin K_POINTS, ta yi ƙaranci. Adadin dayalektirik kuma LDA yakan ba da wajen 13, sama da 11.7 da aka auna, wannan halin LDA ne ba kuskurenka ba.

A wannan ɗigon ake gwajin zaman lissafi, don yana da arha. Maimaita scf da ph da `ecutwfc` 40, 50, 60, sannan da ragar k 6, 8, 12, kana kallon mitar sama. Inda ta daina motsi fiye da 1 ko 2 cm⁻¹, nan za ka tsaya. Gwajin da aka yi da jimillar makamashi kaɗai ba ya wadatarwa.

Raga cikakkiya

```
fonon a ragar 4x4x4
&inputph
  prefix='si', outdir='./tmp', fildyn='si.dyn',
  tr2_ph=1.0d-14, ldisp=.true., epsil=.true.,
  nq1=4, nq2=4, nq3=4,
  max_seconds=82800
/
```

Ragar 4×4×4 ɗigo 64 ce, amma daidaiton siffar silikon ya rage ta zuwa 8. Jerinsu yana cikin `si.dyn0`, sakamakon kuma `si.dyn1` zuwa `si.dyn8`. Ɗigogin ba su yi daidai wajen tsada ba: a kowane q da ba Gamma ba, ph.x yana sake lissafin elektiron a k da k+q, kuma idan q ba shi da daidaiton siffa sosai ɗigogin k da ake bukata sukan ninka sau da yawa. Kada ka auna tsawon aikin da saurin Gamma. Ragar k ta zama ninkin ta q, kamar 8 ga 4.

`max_seconds` na nan ne don kulasta mai iyakar lokaci. Idan an ba ka sa'a 24, 82800 sa'a 23 ce, ph.x zai tsaya da kansa cikin tsabta kafin a kashe shi. Sai ka ƙara `recover=.true.` ka sake turawa da adadin furosesa iri ɗaya. Abin da ya gama yana cikin `tmp/_ph0`, kada ka goge shi, kada kuma ka sake gudanar da scf a wannan outdir ɗin a tsakani. Idan kuwa sabon lissafi za ka fara da wasu ma'aunai, to goge `_ph0` ɗin, don tsohon da ya rage yakan jawo ƙorafin karanta fayil ɗin farfaɗowa.

Raba aiki hawa-hawa ne. Na farko kuma mafi riba shi ne `-nk`, mai raba ɗigogin k. Adadinsa dole ya raba adadin furosesa ba saura. Ga ɗaki ƙarami irin wannan, raba k ya fi raba FFT nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne `-ni`, mai raba ɗigogin q da rukunan motsi tsakanin ƙungiyoyi. Bayan ya gama sai ka sake gudanar da ph.x ba tare da `-ni` ba, da `recover=.true.`, don ya tattaro guntayen ya rubuta fayilolin dyn. Na uku shi ne `start_q` da `last_q`, kowane q aikinsa daban. A nan kowane aiki ya samu nasa outdir da kwafin `si.save`, in ba haka ba za su tattake juna a `_ph0`. Ka kuma sa ido a kan faifai, ph.x yana rubutu da yawa, kuma `error in routine davcio` sau da yawa ma'anarsa faifai ya cika ko outdir ba daidai ba ne.

Daga ɗigo 8 zuwa zane

q2r.x yana mayar da fayilolin dyn zuwa ƙarfin da ke tsakanin atam da atam a sarari:

```
&input
  fildyn='si.dyn', zasr='crystal', flfrc='si444.fc'
/
```

matdyn.x kuma yana amfani da wannan ya ba da mita a kowane q da kake so cikin daƙiƙu. Dukansu ba sa bukatar mpirun.

```
&input
  asr='crystal', flfrc='si444.fc', flfrq='si.freq',
  q_in_band_form=.true.
/
6
0.00 0.00 0.00 40
1.00 0.00 0.00 20
1.00 0.50 0.00 20
0.75 0.75 0.00 40
0.00 0.00 0.00 40
0.50 0.50 0.50 1
```

Hanyar ita ce Gamma, X, W, K, Gamma, L, lambar ƙarshe a kowane layi kuma yawan ɗigon da za a cike tsakani. Lura da ma'aunin: waɗannan lambobi na 2π/a ne a kan x, y, z. Idan ka kwafo hanya daga wani wuri da ke ba da ita a ma'aunin kiristal, sai ka ƙara `q_in_cryst_coord=.true.`, ka kuma tabbatar ginshiƙan ɗakinsu iri ɗaya ne da na `ibrav=2`. In ba haka ba zane zai fito sumul, amma ɗigon da ka kira X ba X ba ne. A gnuplot:

```
plot for [i=2:7] 'si.freq.gp' u 1:i w l notitle
```

Ga abin dubawa a silikon: reshen ƙasa ya tashi daga sifili ya kwanta shimfiɗe kafin X, a wajen 140 zuwa 150 cm⁻¹, a L kuma wajen 110. Wannan kwanciyar tana fitowa ne daga ƙarfi mai nisan zango, ita ce ke fara lalacewa idan ragar q ta yi ƙanƙanta. Gwajin gaskiya shi ne ka zaɓi q da ba ya cikin ragar, misali 0.3 0 0, ka lissafa shi kai tsaye da ph.x, ka kwatanta da abin da matdyn.x ya ba da. Idan sun saɓa da fiye da ƴan cm⁻¹, haura zuwa 6×6×6 da ragar k 12. Don yawan jihohin fonon, sa `dos=.true.`, `nk1=30, nk2=30, nk3=30`, `fldos='si.dos'`, ka cire jerin q. Jimillar da ke ƙarƙashin zanen ta ba da 6.

Idan mita ta fito ƙasa da sifili

Abin da ake warwarewa a zahiri murabba'in mita ne. Idan shi ya fito da alamar ragi, manhajar tana ɗaukar saiwarsa ta manna masa ragi don ka gani. Ma'anarsa, idan aka ture atam ta wannan salon makamashi sauka yake yi. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai dalilin na iya zama na lissafi ko na kiristal ɗin kansa, kuma rarrabe su shi ne aikin.

Fara da inda abin ya fito. Idan ɗan lotsawa ne kusa da Gamma a reshen ƙasa, tsakanin ɗigogin raga, galibi cikon matdyn.x ne ya gaza; lissafa wannan q kai tsaye, idan ya fito sama da sifili to ragar q ce ƙarama. Idan a kan ɗigon raga ne, a cikin fayil ɗin dyn kansa, bi su ɗaya bayan ɗaya: an daidaita tsarin da ainihin fayil ɗin atam da `ecutwfc` da ragar k da aka yi scf da su? Matsin da ya rage nawa ne? `ecutrho` ya isa? Nauyin atam daidai yake? Wannan na ƙarshe abin dariya ne amma yana faruwa, domin pw.x bai damu da nauyi a scf ba, mutum ya rubuta 1.0 ya manta, sai mitoci su fito ninki biyar.

Idan an matse komai kuma mitar ta tsaya a inda take, misali −80 a gefen yanki, to gaskiya take faɗa. SrTiO₃ mai siffar kubu misali ne sananne: yana ba da irin wannan a ɗigon R, kuma a zahiri idan ya yi sanyi ƙasa da kelbin 105 rukunan oksijin ɗinsa suna juyawa ya canza siffa. Lissafin na sifilin zafi ne, don haka tsarin da zafi ne ke riƙe da shi zai nuna rashin tsayuwa. Abin yi shi ne a ɗauki salon motsin daga `matdyn.modes`, a gina ɗaki mai girman da ya dace da wannan q, a ture atam kaɗan ta wannan fuskar, kamar angstrom 0.05, a sake daidaitawa. Ga Gamma, dynmat.x yana rubuta `dynmat.axsf` da za a buɗe a XCrySDen a ga kibiyoyin motsin da ido.

Ƙarafa suna da tasu rigimar. Suna bukatar `occupations='smearing'`, da `smearing='mv'` ko `'mp'`, da `degauss` wajen 0.01 zuwa 0.02 Ry, da ragar k mai yawa, 16 ko 24 a kowace fuska ba abin mamaki ba ne. Su biyun tare ake gwada su. `degauss` babba yana shafe lotsawar Kohn, wato faɗuwar mita a wasu ɗigogin q, ta gaskiya irin wadda ake gani a niyobiyam, ƙarami kuma a kan raga marar yawa yana ƙirƙiro ta ƙarya.

Kurakuran daidaiton siffa, irin `wrong representation` da `wrong degeneracy`, kusan kullum daga lambobin da aka gutsure suke. Wanda ya rubuta 0.3333 a ɗaki mai kusurwa shida ya bar atam a bakin iyaka: wani sashe na manhajar ya ga daidaito, wani bai gani ba. Rubuta 0.3333333333, ko `1/3` kai tsaye, pw.x yana karɓar hakan a ATOMIC_POSITIONS. Yin amfani da `ibrav` na gaskiya maimakon `ibrav=0` yana rage wannan sosai. Ka duba layin `Sym. Ops.` a sakamakon scf; silikon ya nuna 48.

Kiristal mai caji

A GaAs ko NaCl, inda atam ke ɗauke da caji mabambanta, girgizar da atam ke motsi ta fuskar da igiyar ke tafiya, wadda ake kira LO, tana haifar da filin lantarki mai nisan zango wanda ke ɗaga mitarta. A GaAs ana auna TO, wadda atam ke motsi a gicciye, wajen 268, LO wajen 292 cm⁻¹. ph.x a Gamma zai ba ka uku daidai da juna a matsayin TO, domin wannan ƙarin ya dogara da fuskar da aka tunkari Gamma. Cajin Born da adadin dayalektirik da ke cikin `dyn1` su q2r.x da matdyn.x ke amfani da su su mayar da shi. Buɗe `dyn1` ka tabbatar akwai sashen `Dielectric Tensor` da `Effective Charges`. Idan babu, mai yiwuwa an yi scf da smearing, ph.x ya ɗauki abin a matsayin ƙarfe; koma `occupations='fixed'` ka sake. Alamar rashinsu a zane ita ce reshen sama ya yi ta lanƙwasa kusa da Gamma ya faɗo ya haɗe da na ƙasa. A dynmat.x kuwa sai ka ba shi fuska da kanka, `q(1)=1.0, q(2)=0.0, q(3)=0.0`, kafin LO ya rabu da TO. Ga abu mai shimfiɗa ɗaya kamar h-BN dokar ta bambanta, rabuwar tana komawa sifili a Gamma, don haka a sa `assume_isolated='2D'` a pw.x, da `loto_2d=.true.` a q2r.x da matdyn.x duka.